Masu Wankin Mota, Kada Ku Mai da Yaranku Kwaɗon Ƙofa

 A wannan fitowar muna so mu taɓo wata sana'a da ta riƙe gidaje da dama a cikinmu, wadda kuma ba a cika kawo zancenta a zaman dattawa ba sai bayan wani abu ya faru, wato sana'ar wankin mota. Duk wanda ya bi ta Sabon Gari a Kano ko Zariya, ko Sabon Tasha da Barnawa a Kaduna, ko Yalwa a Bauchi, zai ga irin wuraren nan a bakin titi, da rumfar kwano da tankin ruwa da janareta da injin feshi, ga samari huɗu ko biyar riƙe da soso da tsumma. Waɗansu wuraren na ma'aikatan da suka yi ritaya ne suka zuba kuɗin sallamarsu a ciki, waɗansu na matan da mazansu suka rasu ne, da su suke biyan haya da kuɗin makaranta. Sana'a ce ta gumi da mutunci, ba mu da abin cewa a kanta sai sa albarka.

Abin da ya dame mu shi ne yadda ake riƙon kuɗin cinikin, da kuma wanda ake bari ya kwana a kansa. Ra'ayinmu a fili yake: kuɗi bai kamata ya kwana a wurin wankin mota ba, kuma ba daidai ba ne maigida ya sa ɗan mutane ya tsaya tsakanin ɗan fashi da cinikin yini.

Bari mu fara da duban wurin da idon mai mugun nufi. Shagon tireda yana da ƙofa, banki yana da maigadi da na'urar bincike, amma wurin wankin mota fili ne a buɗe ta kowane gefe. Kowa yana iya zuwa ya zauna a kan benci awa guda yana danna waya, ba wanda zai tambaye shi abin da ya kawo shi, domin kowa zai ɗauka motarsa yake jira. A cikin wannan awar zai ga aljihun da kuɗi ke shiga, zai ga wanda ke ba da canji, zai ji ana cewa oga ba ya zuwa sai bayan magariba. Ƙarar janareta da ta injin feshi tana danne ihu. Titi yana nan kusa, babur kuwa ba ya buƙatar minti ɗaya ya ɓace. Lokacin tashi kuma shi ne lokacin da duhu ya fara shiga, yara sun jiƙe sun gaji, kowa hankalinsa yana gida, sai a baje takardun kuɗi a kan benci ana ƙirgawa ana raba wa kowa kasonsa a gaban duk mai wucewa. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Nan kuwa bangon ma babu shi.

Wani zai ce nawa ne kuɗin da har za a zo masa da makami? To, a yi lissafi. A ce ranar Asabar an wanke mota 30 a kan N2,000 kowace, an tashi da N60,000 ke nan, ban da kafet da babur da Keke Napep da wankin inji. Bankuna suna rufewa da yammacin Juma'a, ba su buɗewa sai Litinin, kuma a tsakanin nan ne cinikin wankin mota ya fi kauri saboda bukukuwa da fita. Ranar Lahadi maigida yana majami'a har azahar, kowa a unguwa ya san haka. Kafin safiyar Litinin abin da ya taru a durowa ko a ƙarƙashin katifar yaran ya ninka mafi ƙarancin albashi na N70,000 da gwamnati ta amince da shi a 2024. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 rayuwa ta yi tsada, kuma ana sarar mutum a kan wayar da ba ta kai rabin wannan kuɗin ba. Saboda haka kada mai wurin ya raina abin da ke hannunsa, domin mai ƙwace bai raina ba.

Maganin farko, kuma mafi arha, shi ne a rage tsabar kuɗin da ke shigowa tun daga tushe. Babban Bankin Nijeriya ya fara tsarin rage mu'amala da tsabar kuɗi a Legas tun 2012, amma masu ƙananan sana'o'i a Arewa ba su kula shi sosai ba sai da canjin kuɗi ya zo. An fito da sababbin takardun N200 da N500 da N1,000 a ƙarshen 2022, a farkon 2023 kuwa kuɗi ya yi ɓatan dabo, har mai shayi da mai kayan miya suka koyi karɓar taransifa. An sha wuya a lokacin, amma an fito da darasi ɗaya mai amfani: wanda yake da motar da zai kawo wanki, kusan ko da yaushe yana da asusun banki da waya. Babu dalilin da zai sa a koma gidan jiya. A rubuta lambar asusu da manyan baƙaƙe a jikin bango, a ajiye na'urar POS, a kuma rubuta cewa ba a ajiye kuɗi a nan. Wannan rubutun ba don abokin ciniki kaɗai aka yi shi ba, mai zaman benci ma ya iya karatu.

Mun san uzurin da ake kawowa. Wasu suna cewa banki yana yankar kuɗi. Gaskiya ne yana yanka, amma a haɗa abin da zai yanka a shekara a gwada da kuɗin ɗinkin sara ɗaya a asibiti. Wasu, musamman manyanmu da suka ga yadda bankuna suka riƙa rushewa a shekarun baya, suna tsoron kada banki ya tafi da guminsu. Ya kamata su sani cewa a 2024 hukumar inshorar ajiya ta NDIC ta ɗaga abin da take biyan mai ajiya idan banki ya durƙushe zuwa naira miliyan 5 a manyan bankuna, da miliyan 2 a ƙananan bankunan da ake kira maikurofainans. Cinikin ƙarshen mako bai kai nan ba. Katifa kuwa ba ta da inshora.

Sai dai taransifa ma tana da nata ɓarayin. Akwai alat na bogi, wato saƙon da zai shigo waya kamar daga banki alhali ko kwabo bai shiga ba, kuma yaron da ke sauri ga motoci uku suna jira shi ne ya fi saurin faɗawa. Kada a saki mota da hoton rasit da abokin ciniki ya nuna a wayarsa, sai an ga kuɗin a cikin asusun. Asusun kuma ya zama na maigida ko na sana'ar, ba na ɗaya daga cikin yaran ba. Idan na yaro ne, an mai da shi durowa mai tafiya da ƙafa, kuma ranar da lissafi bai cika ba zumunci ya lalace. Haka kuma layin wayar da ke haɗe da babban asusu bai kamata ya yini a wurin aiki ba, domin wanda ya ƙwace waya yana iya kwashe abin da ke banki da layin kaɗai idan ba a sa masa lambar sirri ba. Yawancin bankuna suna da lambar da ake bugawa a rufe asusu nan take, ko da wayar wani ce. A tambaya, a rubuta, a ajiye a gida inda uwargida ma ta sani.

Duk da haka tsabar kuɗi ba za ta daina shigowa gaba ɗaya ba. Wadda ta shigo a fitar da ita da rana tsaka, sau biyu in ciniki ya yi yawa, a kai wa wakilin banki na kusa ya zuba a asusu, tun da su ba su san Asabar ko Lahadi ba. Kada ya zama mutum ɗaya, lokaci ɗaya, hanya ɗaya, da baƙar leda ɗaya kullum. Rabon kason yara a yi shi a cikin ɗaki, ko a tura wa kowa nasa ta waya. Mu kuma roƙi masu ɗabi'ar cusa cinikin yini a aljihun babbar riga su nufi gida da dare su daina. Wanda ya yi haka bai tsere wa ɗan fashi ba, jagora ya yi masa zuwa inda matarsa da 'ya'yansa suke kwance. A bar ɗan abin canji a durowa, wanda in an zo an nema za a miƙa ba tare da an ji ciwonsa ba, domin mai makamin da ya tashi hannu wofi ya fi haɗari.

Yanzu ga inda muka fi so dattawa su saurara. A yawancin wuraren nan akwai wani ɗan ɗaki na kwano ko na katako inda ake ajiye injin feshi da janareta da tiyo, kuma a nan ne yaro ɗaya ko biyu suke kwana. Sau da yawa yaran daga ƙauye aka kawo su, iyayensu suka damƙa su amana, ba su da wurin kwana a gari, sai maigida ya ga ya jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya: ya ba su masauki, ya kuma huta da biyan maigadi. Sannan a bi su da kalmar nan da ta zama ruwan dare, wai duk abin da ya ɓata a cikin albashinku. Jama'a, mu tsaya mu auna abin da wannan kalma take nufi ga yaro ɗan shekara 18 da ƙarfe biyun dare, lokacin da aka haska masa fitila a fuska. Ya san kuɗin janareta ya fi abin da zai samu a wata shida. Ya san in ya koma ƙauye da sunan ɓarawo ko mai sakaci, ya ja wa gidansu abin kunya. To, sai ya riƙe ƙofa, ko ya yi kokawa, ko ya bi su a guje. Ba jarunta ce ta tashe shi ba, tsoron maigida ne ya fi masa tsoron adda. Idan aka sare shi, a ganinmu hannun da ya riƙe addar ba shi kaɗai ke da alhaki ba.

Ko ta fuskar doka ma wannan barazana ba ta da gindin zama. Dokar Ƙwadago ta ƙasa ba ta yarda maigida ya yanki albashin ma'aikaci don wata asara ba, sai in ma'aikacin ne ya jawo ta da gangan ko da sakaci, kuma sai da amincewar jami'in ƙwadago a rubuce. Yaron da aka ɗora wa bindiga ya miƙa makulli bai yi sakaci ba. Abin da ya dace da maigida na gari shi ne ya tara yaransa, ba sau ɗaya ba, ya gaya musu da bakinsa: in sun zo ku ba su, kada ku yi gardama, kada ku yi motsin da ba su ce ba, kada ku bi su, ba zan cire ko sisi daga haƙƙinku ba. Sai yaro ya ji wannan daga bakin mai dukiyar kafin ya yarda cewa ransa ya fi injin daraja a wurin.

Akwai wani abu kuma da ya wajaba a koya musu, ko da yake yana da nauyin faɗa. Idan sun gane ɗaya daga cikin maharan, ko ta murya ko ta tafiya, kada su kuskura su kira sunansa, kada ma su ƙura masa ido. A dokar ƙasar nan ta fashi da makami, fashi ko ba makami ɗaurin shekara 21 ne mafi ƙaranci, da makami kuwa hukuncin kisa ne. Wanda ya san abin da ke jiransa in aka shaida shi, ba zai so ya bar mai shaida a baya ba. Yaro ya sunkuyar da kai, ya riƙe abin da ya gani a zuciyarsa, sai gari ya waye ya faɗa wa wanda ya dace.

In da hali, kayan aikin ne ya kamata su bar wurin da dare, a kai su gidan da ke da katanga, ko a gina musu ɗakin bulo mai ƙofar ƙarfe. In dole sai an yi gadi, a ɗauki maigadi babba wanda ya san aikin, ko a haɗa kuɗi da maƙwabta a biya 'yan sintirin unguwa da hukuma ta san da su. Fitila mai aiki da hasken rana a kusurwoyi ta fi amfani fiye da yadda ake zato, tun da wutar lantarki ba abin dogara ba ce.

Ba za mu ɓoye ba, wani lokaci da ɗan gari akan ci gari. Wanda ya san ranar da kuɗi ya taru da inda makulli yake kwana, ba daga nesa yake ba. Amma maganin wannan ba zargin kowa da kowa ba ne, balle a ce za a tace ma'aikata ta ƙabila ko addini, domin amana ba ta da yare. A san gidan yaro da wanda ya tsaya masa kafin a ɗauke shi. A biya shi haƙƙinsa a kan lokaci. In za a rabu, a rabu da shi da cikakken lissafi, a canja kwaɗo ba tare da cin fuska ba. Yaron da aka kora da bashin wata biyu a gaban abokansa ya fita da abu biyu, ɓacin rai da sanin sirrin wurin, kuma akwai masu sayen duka biyun.

Wata dukiyar da ake mantawa ita ce ta mutane. Motar da aka kawo wanki ta fi cinikin shekara, ga makullinta an rataye a ƙusa ko an bar shi a jiki. A sa mutum ɗaya ya riƙe makullai, a sami littafi a rubuta lambar mota da lambar wayar mai ita, a roƙe shi ya kwashe kuɗi da waya da takardunsa kafin ya ba da ita. Wanda ya zo ya ce oga ne ya aiko ni in ɗauki mota, a kira ogan a ji daga bakinsa, ko da zai yi fushi. Motar da za ta kwana kuwa, gara a ƙi kuɗinta.

Mun ji masu cewa su dai bindiga za su nema. Riƙe bindiga ba lasisi laifi ne mai kai mutum gidan yari, kuma bindigar da ke wurin da samari ke yini, ko dai a sace ta, ko ta tashi a kan wanda ba a nufa ba. Haka nan muna jan kunne da babbar murya a kan ihun ɓarawo da taron dukan da ke biyo baya. Ba mu manta da ɗalibai huɗu na Jami'ar Fatakwal da aka kashe a Aluu a 2012 ba, ko matafiya 16 da aka kashe a Uromi ta jihar Edo a watan Maris na 2025 suna hanyar komawa Kano, duk a kan zargin da ba kotun da ta saurara. Mu da muke zaune a garuruwan da ba mu da yawa mun fi kowa sanin yadda ƙaramar rigima a bakin titi take canja suna kafin ta kai ƙarshen layi. In an kama wani a wurinka, kai ne za ka tsaya a kansa ka hana a taɓa shi har 'yan sanda su iso. Yin haka ya kare shi, ya kare ka daga tuhumar kisa, ya kuma kare unguwa.

Shi ya sa muke ganin babban tsaron mai wankin mota maƙwabtansa ne. Mai shayin da ke kai wa sha biyun dare, mai faci, mai gadin gidan mai, mai unguwa, duk sun fi kyamara gani, kuma ba su buƙatar wuta. Wanda yake gaishe su, yake zuwa sunansu da jana'izarsu, yake barin su ɗebi ruwa a tankinsa ranar da famfo ya ƙafe, zai sami wanda zai kira shi ya ce ga wasu baƙin fuska sun yi kwana biyu suna zagaya wurinka. Wanda ya shigo unguwa yana ɗaga kai kuwa, za a ga komai a yi shiru. A je a gabatar da kai a ofishin 'yan sanda na yankin tun ba abin da ya faru, a karɓi lambar da ake samunsu, a liƙa ta a bango tare da lambar gaggawa ta ƙasa, 112.

In kuwa abin ya riga ya faru, mutum ake fara dubawa kafin durowa. Har yanzu akwai masu ɓata lokaci suna neman takardar 'yan sanda kafin su kai wanda aka harba asibiti. Tun 2017 akwai dokar da ta wajabta wa kowane asibiti, na gwamnati ko na kuɗi, ya karɓi wanda aka harba ya yi masa magani ko da takardar 'yan sanda ko babu, kuma ba sai an ajiye kuɗi tukuna ba; asibitin ne zai sanar da hukuma. A riƙe wannan, a faɗa wa ma'aikacin da ya nemi ya juya ku. Kada kuma a saki ruwa a wanke wurin kafin masu bincike su zo, abin da hannun mai wannan sana'a zai yi saurin yi ke nan. Yaron da abin ya rutsa da shi, ko bai ji rauni ba, a ba shi kwanaki ya huta da albashinsa, a kai shi ya ga iyayensa, kada a fara da tambayarsa nawa suka ɗauka.

Ga dattawa, roƙonmu shi ne idan kun je ziyara gidan ɗan'uwa mai irin wannan sana'a, bayan an tambayi lafiyar iyali da kasuwa, ku tambaye shi wa ke kwana a wurin, shekarunsa nawa, me aka gaya masa ya yi in an zo. Da yawa cikin yaran nan ta hannunku suka zo gari, ku kuka ce wa iyayensu ku bar shi a wurinmu. Masu tsayawa ba da shaidar godiya a gaban jama'a kuma su riƙa taƙaitawa. Ana iya yin godiya ba tare da an ambaci adadin ciniki ko sabon injin da aka saya ba, domin ƙofar majami'a a buɗe take ga kowa, kuma lasifika tana kai magana har titi. Ma'ajinmu da ke ɗaukar baikon Lahadi a jaka ɗaya, ta hanya ɗaya, su ajiye a gida har Litinin, su ma wannan magana ta shafe su, kuma muna roƙon a sa ta cikin abin da za a tattauna a zaman dattawa na wata mai zuwa.